An Liƙe Mana Ƙofa a Hawa na Uku

Daga:
Tsohuwar malamar firamare,
Mazauniyar ɗaki na tara, hawa na uku,
Bene mai launin toka, layin bayan tashar mota.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Sashen Lasisin Gidajen Saukar Baƙi,
Hukumar Tsara Birni.

Litinin, 9 ga watan Yuni.

GAME DA: Ƙorafi kan liƙe ƙofar babbar matakala da walda da sunan bin Sashe na Huɗu na Ƙa'idojin Hayar 'Yan Kwanaki, da haɗarin da hakan ya jefa mazauna hawa na uku.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman izinin gabatar da ƙorafina. Ni tsohuwar malama ce, na ajiye alli da shekarun aikina suka cika, kuma ban saba kai ƙara ba. Abin da na saba shi ne a kawo mini ƙara, in sasanta yara, kowa ya koma kujerarsa. Sai dai abin da ke faruwa a gidan da nake zaune ya fi ƙarfin sasantawata, kuma magana ce ta rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Domin mai girma Darakta ya fahimci inda maganar ta faro, zan yi ɗan bayani. Ni da maigidana muna haya a wannan bene tun marigayi mai gidan yana da rai. Maigidana direban babbar mota ne a da. Shekara biyu ke nan da ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ɓarin damansa ya daina aiki, harshensa ya yi nauyi, ba ya tashi sai an tashe shi. 'Yarmu ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisa. Benen hawa uku ne, da matakala biyu. Babbar tana gaba, mai faɗi, da ƙarfen dafawa, tana sauka kai tsaye bakin titi. Ƙaramar tana baya, ƙuntatacciya mai lanƙwasa, wadda aka yi don masu kai shanya da zubar da shara.

Da mai gidan ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Ya sallami masu hayar hawa na ɗaya da na biyu, ya mayar da ɗakunan na hayar 'yan kwanaki, irin wadda baƙo ke kamawa ta wayarsa, ya zo yana jan akwati mai taya, ya yi kwana biyu ko uku ya ƙara gaba. Ya ɗora manaja a kan harkar, wanda duk layin ke kira Ba-Matsala, domin ko ce masa ka yi rufi ya faɗo maka a ka, amsar da za ka samu ke nan. Ba ni da ja a kan wannan sana'a. Gidansa ne, kuma baƙin ba su taɓa yi mini laifi ba, wasu ma har kaya sukan taya ni ɗauka a lokacin da muke haɗuwa a matakala. Ƙorafina shi ne kamar haka:

1. Liƙe ƙofar. A ranar Laraba, 12 ga Maris, da hantsi, ina cikin ba maigidana magani na ji ƙarar ƙarfe a bakin barandarmu. Na leƙa na tarar da mai walda ya kafa ƙofar ƙarfe a daidai inda hawa na uku ya haɗu da babbar matakala. Na ɗauka kwaɗo za a sa a ba mu makulli. Ashe ba haka ba ne. Yana gama kafa ta sai ya bi gefunanta huɗu da wuta ya liƙe ta da ginshiƙinta, ta zama bango. Ba a sanar da mu ba, ba a rubuto mana ba, ba a ko ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Da na tambayi Ba-Matsala dalili, sai ya buɗe mini wayarsa ya nuna mini Sashe na Huɗu na ƙa'idojinku, inda aka ce dole ne mashigar baƙi ta zama daban da ta mazauna gida, kada su haɗu ta kowace hanya. Ya ce muddin ƙofar tana buɗuwa, sufeto zai lissafa ta a matsayin haɗuwa, lasisi kuma ba zai fito ba. Ya ƙara da cewa in ina da magana in kai wa waɗanda suka rubuta dokar, ga shi kuwa na kawo.

Ina so a rubuta cewa mai waldan ba ya cikin waɗanda nake ƙara. Da ya gama aikinsa ya tambaye ni ko muna da wata hanyar fita. Na kai shi na nuna masa ta baya. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya kira ni Mama, ya ce in yafe masa, shi aiki aka ba shi. Na kawo masa ruwa bai iya sha ba, ya tattara wayoyinsa ya tafi.

2. Halin da matakalar baya take ciki. Ranka ya daɗe, ita ce yanzu hanyarmu ɗaya tak zuwa duniya. Tagoginmu duk da ƙarafuna, tun zamanin marigayi aka sa su don ɓarayi. A da, duk ranar asibiti abokan aikin maigidana daga tasha sukan zo su huɗu, su ɗauke shi da kekensa na marasa lafiya su sauko da shi ta babbar matakala, suna yi masa tsiya cewa direban da ya ƙi ɗaukar fasinja kyauta yau ga shi ana ɗaukarsa kyauta, shi kuma yana dariya da rabin bakinsa. A ranar asibiti ta farko bayan waldar sun zo kamar kullum. Keken ya maƙale a lanƙwasar farko, ba gaba ba baya, da ƙyar suka komo da shi ɗaki yana haki. Tun daga ranar bai sake ganin likita ba, kuma bai sake taka ƙasa ba.

Ba ƙuncin ne kaɗai abin damuwa ba. Sashe na Shida na ƙa'idojinku ya ce a nisanta janareta daga tagogin baƙi saboda ƙara da hayaƙi. An bi wannan sashe. An ɗauke janareta daga gefen gida an girke shi a gindin matakalarmu, tare da duron man dizal ɗinsa. Sashe na Bakwai ya ce kada a ajiye tukwanen gas a cikin ɗakunan baƙi. Shi ma an bi shi. An jere tukwanen a ƙarƙashin matakalar, mutum sai ya karkace zai wuce tsakaninsu da bango. Duk abin da dokarku ta kora daga wurin baƙo don ya kwana lafiya, a bakin ƙofarmu ya sauka. Ban ce da gangan ofishinku ya yi haka ba, amma haka abin ya kasance, kuma kullum na sauka sayen cefane ina wucewa ta tsakiyarsu.

3. Bangon ɗakinmu. Wayoyin wutar gidan nan an ja su ne don fanka da ƙwan fitila da firji ɗaya-ɗaya. Yanzu kowane ɗakin baƙi yana da na'urar sanyaya ɗaki, da abin ɗumama ruwan wanka, da murhun lantarki, kuma ban ga ranar da aka canja ko waya ɗaya ba. Babbar wayar ta bi ta cikin bangon da gadon maigidana yake jingine. Shi ne ya fara lura, tunda shi ke kwance a wurin wuni guda. A tsakiyar watan Afrilu ya fara wata ɗabi'a da ban gane ba: da rana ta take sai ya ɗora hannunsa mai lafiya a bango, ya zuba mini ido, yana ta ƙoƙarin furta wata kalma. Na ɗauka juyi yake so, na juya shi. Na ɗauka ruwa ne, na ba shi, ya kawar da kai. Ran nan dai ya cafke hannuna da wani ƙarfi da ban san ya rage masa ba, ya manna tafina a bangon. Yallaɓai, zafi na ji, irin na tukunyar da ba a daɗe da saukewa ba.

Na ja gadon tsakiyar ɗaki. Amma idanunsa ba sa barin wurin. Fentin ya fara kumbura, ya yi wani layi mai duhu daga kusa da ƙasa zuwa saitin taga, kuma a kowane mako layin yana ƙara tsawo. Ranakun da ɗakunan ƙasa suka cika da baƙi, wari yana tashi kamar na robar da aka sa kusa da wuta. Na kira Ba-Matsala ya zo ya taɓa da hannunsa. Ya taɓa, ya janye hannun da sauri, ya goge a wandonsa, ya ce zafin rana ne. Bangon nan na tsakiyar gida ne, rana ba ta taɓa ganinsa ba.

4. Ranar duba gida. A ranar Talata, 20 ga Mayu, sufeton ofishinku ya zo duba gidan kafin a ba da lasisi. Ina roƙon mai girma Darakta ya karanta wannan sashe a tsanake, domin da idona na gani daga barandar baya. Da sassafe wata motar akori-kura ta tsaya a bayan gida. Aka sauke jajayen tukwanen kashe gobara, da bokitan yashi, da akwatin agajin gaggawa, aka buga ƙusoshi aka rarrataye su a hawa na ɗaya da na biyu. Sufeto ya iso da azahar. Na ji labari ya auna faɗin babbar matakala ya yaba, ya kuma yaba da ƙofarmu da aka liƙe, ya ce da kowa zai raba mashiga haka da aikinsu ya yi sauƙi. Na sauka da gudu-gudu irin na tsofaffi, na zagaya ta titi na tare shi a bakin motarsa. Na gaishe shi, na roƙe shi ya hau ya ga bangonmu, ko minti ɗaya ne. Ya saurare ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai ya ce hawa na uku ba ya cikin abin da aka nemi lasisi a kansa, don haka ba shi da hurumin shiga, kuma in ya rubuta abin da ba a aike shi ba, shi za a tuhuma.

Ƙurar motarsa ba ta gama kwantawa ba akori-kurar ta dawo. Aka sauke tukwanen ɗaya bayan ɗaya, aka juye yashin a buhu, aka loda komai. Na tambayi direban ina za a kai su, tunda ɗan tasha ne ya san maigidana. Ya ce wani gidan baƙin da ke layi na gaba, wanda shi ma Ba-Matsala ke kula da shi, jibi ne ranar dubansa. Ya ce ai haka ake yi, kayan gaba suke yi sufeto yana binsu a baya, gida-gida, har a gama zagaye a mayar da su sito. Yana faɗa yana dariya, don shi bai ga abin ɓoyewa ba. Yau in ka zo gidan nan ƙusoshin kawai za ka tarar a bango, lasisin kuma yana rataye cikin gilashi a bakin ƙofa da hatimin ofishinku.

5. Ƙoƙarin da na yi kafin wannan takarda. Ban tsallake kowa na zo gare ka ba. Na nemi ɗan mai gidan, wanda na sani tun yana zuwa ɗakina in duba masa aikin makaranta, an ce ya yi tafiya, wayarsa kuma ba ya ɗagawa. A ranar Alhamis, 22 ga Mayu, na zo ofishinku da ƙafata. Teburin lasisi suka ce maganar gini ce. Masu kula da gine-gine suka ce maganar mai haya da mai gida ce. Masu sasanta haya suka tambaye ni ko an ba ni takardar tashi, na ce a'a, suka ce to ai babu rikici ke nan. Kowa ya karɓe ni da mutunci, kowa ya ba ni kujera, na dawo gida hannu rabbana.

Labarin zuwana ya riga ni isowa gida. Washegari Ba-Matsala ya hauro har ɗakina, abin da bai taɓa yi don kansa ba. Ya durƙusa ya gaishe da maigidana, ya kira shi Baba, ya tambayi jiki. Sannan ya miƙe ya tsaya yana kallon layin nan na bango, yana murmushi. Ya ce shi shawara ce kawai yake ba ni a matsayin ɗa, gidan sama ba wurin mara lafiya ba ne, abu yana iya faruwa kowane lokaci, in ya faru kuma ba wanda za a kama tunda takardunsu a cike suke. Ya ce in mun yanke shawarar tashi, shi da kansa zai kawo masu yankan ƙarfe su buɗe ƙofar na rana ɗaya a sauko da Baba cikin mutunci. Ashe ƙofar tana buɗuwa, ranka ya daɗe. Don mu fita gaba ɗaya ne kawai za ta buɗu.

Kada a ce taurin kai ne ya zaunar da ni. Wallahi na nemi ɗakin ƙasa har takalmina ya cinye. Duk unguwar masu gidaje sun gano hayar 'yan kwanaki ta fi, ba mai son tsohuwa da majinyaci. Gida uku ne a hawanmu. Wani tela da iyalinsa sun tashi tun a watan Afrilu. Saura mu da maƙwabciyata, wadda muke kira Maman 'Yan Biyu, ita ma mijinta ya samo musu wuri, ƙarshen watan nan za su kwashe.

6. Abin da ya faru a makon jiya. Ranar Alhamis, 5 ga Yuni, bayan azahar, wutar lantarki ta yi wata irin rawa, ƙwan fitilarmu ya yi haske fiye da kima ya mutu. Sai hayaƙi siriri ya fara fitowa ta ramin soket ɗin da ke ƙasan bangon. Na ƙwalla ihu. Maman 'Yan Biyu ta ruga ƙasa ta sa mai gadi ya kashe babban makunni, hayaƙin ya tsaya. Kafin la'asar an sake kunnawa, domin wai baƙi sun fara ƙorafin zafi. An aiko wani ya naɗe soket ɗin da baƙin salatif ya tafi.

Ranar Asabar na ce wa Maman 'Yan Biyu ta zo mu gwada, tun tana nan, mu ga ko mata biyu za su iya. Muka shimfiɗa bargo, muka mirgina maigidana a kai, ta kama gefen ƙafa na kama gefen kai. Mutum ne mai jiki, ciwo bai rage masa nauyi ba. Mun fitar da shi daga ɗaki, mun ja shi a baranda, mun sauka 'yan matakai. A nan hannuwana suka ƙi. Kansa ya bugi ƙarfe, na zube a kan gwiwoyina na tallabe shi, muka maƙale mu uku a wurin, ba mu iya sauka ba, ba mu iya komawa ba, har sai da mai gadi ya hauro ya taimaka. Babu hayaƙi a ranar, babu duhu, babu firgici, kuma mu biyu ne. Da muka mayar da shi gado ya yi ta nuna mini ƙofa da hannunsa, yana tura ni, hawaye na bin gefen fuskarsa. Na gane abin da yake nufi sarai. Cewa yake in ranar ta zo in tafi in bar shi. Na ce masa ya daina wannan zance, ban taɓa yi masa tsawa ba sai ranar.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon mai girma Darakta cikin ƙanƙan da kai:

(a) Ya ba da umarnin a yanke waldar nan ba tare da jinkiri ba, a sa ƙofar da ke buɗuwa daga ɓangarenmu. Na yi alkawari ba za mu taka matakalar baƙi ba sai ranar asibiti ko ranar gudu.

(b) A turo ma'aikacin wuta na hukuma ya duba wayoyin gidan gaba ɗaya, har da hawa na uku, a kuma kwashe janareta da mai da tukwanen gas daga gindin matakalar baya.

(c) A sake turo sufeto ba tare da an sanar da manaja ranar zuwansa ba.

(d) A sake duba Sashe na Huɗu. Na tabbata wanda ya rubuta shi alheri ya nufa, amma ban yi zaton gidanmu ne kaɗai aka raba mashiga ta wannan hanya ba.

Na san ofishinku yana da ayyuka da yawa, kuma takarda tana da layin da take bi kafin ta iso teburinka. Idan ƙa'ida ba ta ba da damar yin ko ɗaya daga cikin waɗannan a kan lokaci ba, to ina da roƙo na ƙarshe wanda ba ya buƙatar sa hannun kowa. A taimaka a aika wa 'yan kwana-kwana kwafin wannan takarda su ajiye. Baƙi za su fita ta gaba, mai gadi zai gaya wa masu aikin ceto cewa kowa ya fita, domin daga ƙarshen wata, in ya ga an kwashe kayan maƙwabciyata, zai zata mu ma mun tashi. A gaya musu ba kowa ba ne. Akwai mutum biyu a hawa na uku, ɗakin ƙarshe ta hannun hagu, kuma kada su ɓata lokaci suna nemana a matakala. Ba zan sauko ba. Ina zaune a gefen gadonsa.

Ina mai neman afuwa idan harshena ya zarce a wani wuri, tsoro ne ya kawo haka ba rashin ladabi ba. Allah ya ƙara wa mai girma Darakta lafiya da basira, ya sa a duba wannan takarda da wuri.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Tsohuwar malamar firamare,
Ɗaki na tara, hawa na uku.